Zan ja tirela mai ɗaki da Hilux daga Kaduna zuwa Saminaka, me zan gyara tukuna?

Manomin Saminaka ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar jan kaya. Watan jiya na sayi wata ƙaramar tirela mai ɗaki a gwanjon wani kamfanin gine-gine, irin wadda injiniyoyinsu ke kwana a ciki a bakin aiki. Ƙirar Amurka ce, taya biyu, da gado da wurin girki da tankin ruwa. So nake in kai ta gonata ta masara a wajen Saminaka, don na gaji da kwana a ɗakin mai gadi duk damina, ni da sauro muna rabon tabarma.

Motata Hilux ce mai fetur, giyar hannu, ƙofa huɗu. Mai waldar unguwarmu ya liƙa min wani dunƙulen ƙarfe a bambar baya, ya buga ƙirji ya ce ko giwa na ɗaura zai riƙe. Ranar Asabar na gwada, daga Mando zuwa gida. Ban wuce gudun sittin ba sai na ji tirelar ta fara tangaɗi, ta yi dama ta yi hagu, tana jan bayan motar tare da ita. Yarona da ke gefe har ya fara salati. Da ƙyar na gangara gefen titi. Abin da ke cikinta a ranar janareta ne da jarka huɗu na ruwa, duk a can baya kusa da ƙofa, inda ya fi sauƙin ɗorawa.

A jikin wuyanta akwai farantin ƙarfe da aka rubuta 3500. Kilo ne wannan? In kilo ne ai na sayo wa kaina aiki. Kuma ina son in ɗora buhun taki goma a bayan motar in yi tafiya ɗaya. Ku taimaka.

Tsohon Direba ya amsa:

Wa alaikumus salam. Alhaji, ka gode wa Allah a gudun sittin abin ya same ka, ba a gangara ba. Na yi shekaru ina jan injin haƙar rijiya a bayan a-kori-kura, bari in faɗa maka abin da na sani.

Lambar nan kada ta tsorata ka. Amurkawa da fam suke awo, ba kilo ba. Raba 3,500 da 2.2, za ka samu kusan kilo 1,590, kuma wannan shi ne iyakar nauyinta da kaya a ciki. Hilux za ta iya da shi, amma da sharaɗi: ka buɗe littafin motarka ka duba, za ka ga lamba biyu, ɗaya ta tirela mai birki, ɗaya ta marar birki. Ta marar birki yawanci kilo 750 ce kacal. In dai ba ka haɗa birkin tirelar taka da motar ba, a ranar Asabar ka ja fiye da abin da aka yarje maka.

Tangaɗin kuwa kai ka jawo shi da hannunka. Janareta da jarkokin da ka jibga a baya sun ɗaga wuyan tirelar, ya zama ba ta danne bayan motar. Ƙa'idar irin waɗannan na Amurka ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta ya sauka a kan dunƙulen ja. A taka, in ta cika, tsakanin kilo 160 da 240 ke nan. Kaya masu nauyi a ƙasa ake sa su, a kan tayoyi ko ɗan gaba da su, a ɗaure tamau kada su zame. Gado da katifa su zauna a baya, ba ruwansu.

Sai maganar mai waldarka. Ban san shi ba, ƙila gwani ne a ƙofa da taga, amma bamba ba wurin ja ba ce. Ƙarfen ja a jikin shasi ake ɗaure shi da manyan notuna, a ramukan da kamfani ya tanada, hagu da dama. Na taɓa ganin bamba ta tsige ɗungurungum a gargada, tirela ta bi hanyarta mota ta bi tata. Ka nemi ƙarfen da aka ƙera don Hilux, mai farantin da ke nuna nauyin da yake ja da wanda yake ɗauka a kansa. In ka zagaya kasuwar Panteka ko wajen masu kayan Hilux ba za ka rasa ba.

Kuma ka goge bakin tirelar, inda take haɗiye dunƙulen, akwai rubutu a wajen. Na Amurka yawanci inci 2 ne ko 2 da 5/16. Dunƙulen da ya fi yawa a kasuwanninmu na Turai ne, milimita 50. A ido duk ɗaya suke, amma in bakin ya fi dunƙulen faɗi, rami ɗaya mai kyau ya isa ya fitar da shi. Sarƙa biyu kuma ka gicciya su a ƙarƙashin wuyan, ta dama zuwa hagu, ta hagu zuwa dama, don in ya kuɓuce ya faɗa a kansu, kada ya soki kwalta.

Taki goma kilo 500 ne. Ƙara 200 na wuyan tirela, ƙara kai da yaranka da kayanku. Ka ga ka kusa cinye duk abin da motar ke ɗauka, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sakayau a hannu. Ka bar takin ya bi wata tafiyar.

Mai Rewaya ya amsa:

Baba direba ya gama magana, ni dai ɓangarena zan taɓa. Birkin irin wannan tirela na lantarki ne. Akwai maganaɗisu a cikin gangar kowace taya, kuma ba zai kama ba sai an sa wata 'yar na'ura a gaban direba da ke tura masa wuta duk sanda ka taka birki. Na'urar tana da ɗan maɓalli na hannu. In tangaɗi ya fara, ka ɗaga ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari a miƙe, ka matsa maɓallin nan a hankali, tirelar za ta ja kanta ta daidaita. Kada ka daka birkin mota, kada ka ce za ka bi ta da sitiyari.

Abin da ke ba mutane wahala shi ne fitilu. A tsarin Amurka waya ɗaya ce ke ɗaukar birki da sigina a kowane gefe, ita kuwa Hilux ɗinmu siginarta daban ce mai ruwan lemo. In aka haɗa kai tsaye, ko dai sigina ta yi aiki birki ya ƙi, ko fis ya dinga ƙonewa. Akwai ƙaramin akwatin da ke haɗa su, a sa shi. Ka duba batirin tirelar ma, don akwai siririyar waya da ake maƙalawa a jikin mota, in tirelar ta tsinke ita ke fizge makunni birki ya kama da kansa. Batiri matacce, wayar ta zama ado.

Af, kuma kada ka jona janaretarka kai tsaye. Kayan cikinta na wuta mai ƙarfin volt 120 ne, tamu 230. Firjin zai yi hayaƙi kafin ka gama bismillah.

Maman Gona ta amsa:

Alhaji, tayoyin fa? Abin da ya daɗe a ajiye a rana, zanen tayar zai yi kyau amma robar ta mutu. A gefen taya akwai lamba huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2316, mako na 23 ke nan a 2016. Mu tamu tirelar ruwa ce kawai, amma tayarta ta fashe mana bayan Pambegua da mangariba, ba safaya, ba jak ɗin da ya dace. A buɗe boris a sa sabon giris. Takardun gwanjon kuma su kasance a hannunka, don 'yan Road Safety da KASTLEA, masu kula da dokokin hanya na jihar Kaduna, dole su tsayar da kai ko don su leƙa ciki.

Tsohon Direba ya ƙara:

Gaskiyar Hajiya. In ƙara ɗaya: a gangara giya ta uku ko ta biyu, injin ya riƙe maka, kada ka hau birki har ya yi wari. Kar ka wuce saba'in ko da hanya ta yi kyau. In babbar mota za ta wuce ka, ka sa rai da iskarta, za ta tura tirelar sannan ta janyo ta. Ka tsaya a Maraban Jos ka taɓa tsakiyar kowace taya da bayan hannu. Ɗumi ba komai, amma in ya ƙona ka, boris ne.

Manomin Saminaka ya dawo:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma Baba. Jiya na sa yashi da tsumma na goge bakin tirelar, sai ga 2 5/16 ɓaro-ɓaro. Dunƙulen da aka liƙa min kuwa 50 ne. Da muka ɗora muka kulle, yarona ya sa jak a ƙarƙashin wuyan ya ɗaga, sai ga shi ya fito salin-alin, kusan milimita tara ne tsakaninsu. Da haka na ratso Kawo a tsakanin Keke Napep da 'yan makaranta. Jikina har yanzu bai daina sanyi ba.

Mai waldar ya ce zai ƙara wa dunƙulen nama da walda ya cika bakin, na ce a'a, ya yanke min shi kawai. Tayoyin 4115 aka rubuta, duka biyun, don haka su ma sun tafi. An samo ƙarfen shasi, saura dunƙulen da na'urar birki, wani ya ce sai an aiko daga Legas. Takin na ba motar kasuwa ta tafi da shi tun shekaranjiya. Mai Rewaya, ranar Talata kana shago?