Neman shawara kan kai kayan lambu marasa maganin feshi gida-gida a Kaduna

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ina zaune a Unguwar Rimi, kuma ina da niyyar haɗa kai da ƙananan manoman lambu da ke noma da takin gargajiya, ba tare da takin zamani ko maganin feshi ba, in riƙa karɓar alayyahu, latas, karas da tumatir daga hannunsu ina kai wa magidanta a Malali da Barnawa duk mako. Abin da ya fi damuna shi ne yadda zan tabbatar wa mai saye cewa kayan da na kawo masa sun bambanta da na Kasuwar Bacci, tunda ido ba ya raba su.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni manomin rani ne a yankin Igabi, kuma zan gaya miki gaskiya: manomi ba ya yin feshi don sha'awa, tsoron asara ne ke sa shi. Duk wanda ya ga yadda tsutsar tumatir ta cinye gonaki a shekarar 2016, har gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin, ba zai ajiye injin feshinsa saboda alkawarin baki ba. Idan kina son ya dogara da kashin kaji da ruwan ganyen darbejiya, to ki ba shi kafin alƙalami tun kafin shuka, ku yanke farashi, sannan ki amince za ki ɗauki kayan ko da ganyen ya fito da 'yan huje-hujen ƙwari. Ki fara da alayyahu da latas, ki bar tumatir sai kun saba da juna, domin shi ne ya fi wahalar tsarewa.

Amsa ta biyu:
Ina goyon bayan Malam, amma akwai batun ruwa da ba a taɓo ba. Lambun da ake shayarwa da ruwan kwata, ko da ruwan kogin Kaduna a ƙasan magudanan Kakuri, bai cancanci a kira shi mai tsabta ba ko da ba a taɓa fesa masa komai ba. Ki je gonar da ƙafarki, ki ga rijiyar, ki ɗauki hoto ki tura wa masu sayenki ta WhatsApp.

Amsa ta uku:
Ki yi amfani da kiret na roba maimakon kwando, ki kuma yi jigila da sassafe a Keke Napep.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Malam, idan Allah ya kai mu Asabar, ina so in zo in ga lambunka da idona.