Ruwa a tanki ko laima a distiribita?

Mai Cressida, Jidda: Assalamu alaikum. Tun bayan ruwan saman da aka tafka daren Talata, motata Toyota Cressida mai injin 22R take misin, wato wuta na tsallake wasu silinda. Da safe da ƙyar take tashi, tana jijjiga a silo kamar za ta mutu, idan na taka totur kuma sai ta shaƙe, amma bayan tafiyar kamar minti 15 komai yana daidaita. Wani mai warsha ya ce ruwa ne ya shiga tankin mai, dole a sauke shi a wanke. Ina neman shawararku kafin in kashe kuɗi.

Tsohon direba, Makka: Wa'alaikumus salam. Ɗana, maganar mai warshar tana kan hanya. Lokacin ambaliyar Jidda ta Nuwamban 2009 na sha mai a wani gidan mai da ruwa ya malale harabarsa, motar ba ta kai ni gida ba, kuma da aka zuƙo man a kwalba sai ga ruwa kwance a ƙasa, tsayin yatsu biyu. Ga shi kuma robar murfin tanki a tsohuwar mota ta daɗe da ƙeƙashewa.

Makanike, Sina'iyya (unguwar masu gyaran mota): Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma labarinka shi ne hujjata, domin taka motar tsayawa ta yi cak, tasa kuwa warwarewa take yi idan ta ɗauki zafi. Ruwa ya fi fetur nauyi, yana kwanciya a gindin tanki inda ake zuƙo mai, kuma zafin inji ba ya isa can balle ya kore shi. Abin da zafi ke busarwa shi ne laima. Wutar da kwayil (na'urar da ke ƙara ƙarfin wutar batir) ke turawa fulogi tana bin hanyar da ta fi sauƙi, saboda haka idan rana ta gasa wayoyin fulogi har suka tsattsage, ƙura mai gishirin teku ta manne musu, sannan danshi ya sauka a kai, sai wutar ta zille ta bi jikin inji, silinda ɗaya ko biyu su kwana ba aiki.

Tsohon direba: Ban gamsu ba tukuna. Ruwa ba sai ya yi yawa ba. Ɗan kaɗan da ya taru a kwanon kafireta cikin dare ya isa ya dami inji da safe, har sai an zuƙe shi.

Makanike: Wannan yana yiwuwa, Alhaji, ban musa ba. Abin da na ƙi shi ne a sauke tanki bisa zato, alhali gwajin bai kai riyal ɗaya ba. Ƙanena, ka zuƙo mai a farar kwalba ka ajiye ya natsa. Sannan ka buɗe murfin distiribita, wato abin da ke raba wutar kwayil ga wayoyin fulogi, da sassafe kafin ka tada mota, ka duba cikinsa. Idan da mitar awon lantarki, ka auna wayoyin fulogi, kada kowace ta wuce kilo-om 25, kuma ka yi musu alama kafin ka cire, domin jerin wutar injin nan 1-3-4-2 ne.

Direban tirela, Madina: Yaya makanike, ban ji ka tambayi mai motar ko ya kutsa cikin ruwa ba. Ya taɓa matatar iska ya ji ko ta jiƙe, ya zaro ma'aunin baƙin mai, idan ya ga man ya koma kalar shayi da madara kada ya sake murza makulli, domin ruwa ba ya matsuwa a silinda, sandar fistin yake lanƙwasawa.

Mai Cressida: Na gode, iyayena da yayyena. Ban shiga ruwa ba, matatar a bushe take, baƙin mai ma lafiya lau. Man kwalba ya kwana, babu ko ɗigo a ƙasansa. Da na kife murfin distiribita bayan asuba kuwa, sai na tarar da raɓa jere a cikinsa kamar gumi a goshi, ga wani siririn baƙin layi kamar zanen fensir daga tsakiya zuwa mazaunin waya ta uku, alamar hanyar da wuta ke zillewa. Na goge shi na mayar, motar ta tashi bugu ɗaya, amma yau zan sayi sabon murfi da wayoyi.

Tsohon direba: Madalla, wannan karon makanike ya yi gaskiya. Amma tunda za ka shagon kayan gyara, ɗana, ka haɗa da murfin tanki, domin har yanzu ban yarda da wannan robar taka ba.