Neman kalma: me za mu kira "doping", me kuma za mu kira sirrin da ɗan wasa ya faɗa wa likita?

Assalamu alaikum. Malaman Hausa na Samaru, da abokan aiki na asibiti, da masu shirin wasanni a gidajen rediyo, ina neman gudummawarku a kan kalmomi biyu.

Muna haɗa wata 'yar takarda da Hausa wadda za a raba wa yaranmu masu buga ƙwallo da masu ɗaga ƙarfe da 'yan tsere, daga Sabon Gari da Tudun Wada har cikin ganuwa. Saƙonta ɗaya ne: idan kana shan wani abu, ko ana yi maka allura, don ka fi abokan karawarka ƙarfi, to ka faɗa wa likitan da ke duba ka, maganar kuma ba za ta bar ɗakin ba. Ni aikina jinya ne. Abin da zan faɗa na san shi, kalmar da zan faɗe shi da ita ce ta gagare ni. Ta farko ita ce wadda Turawa ke cewa "doping". Ta biyu kuwa "confidentiality", wato haƙƙin da ke wuyan ma'aikacin lafiya na kada ya fitar da abin da majinyaci ya gaya masa, ko abin da aka rubuta a foldarsa.

Na san abin da ake cewa a labarai: shan ƙwayoyi masu ƙara kuzari. Da shi ake ba da labarin Maradona, wanda aka samu sinadarin efedirin a fitsarinsa bayan wasan Ajantina da Najeriya a Gasar Kofin Duniya ta 1994, wasan da suka ci mu 2-1. A wajensa kam jimlar ta zauna, don efedirin kuzari yake sawa.

Amma ba ta ɗauke abin duka ba. Ba komai ake sha ba. Lance Armstrong, wanda aka ƙwace wa kambun tseren keke na Faransa guda 7 a 2012, ya amsa da bakinsa a 2013 cewa har ƙarin jini yake yi: a ɗebi jininsa a ajiye a sanyi, a mayar masa lokacin gasa, don jinin ya ƙara kai iska ga tsoka. Babu abin da aka haɗiya a nan. Kuma ba komai ke ƙara kuzari ba. Andre Onana, mai tsaron raga ɗan Kamaru, an dakatar da shi wata 12 a 2021 lokacin yana Ajax, daga baya aka rage zuwa wata 9, a kan furosemide, maganin nan na sa fitsari da muke ba masu kumburi da ciwon zuciya, wanda a asibiti aka fi sani da Lasix. An haramta maganin ne don yana tsarma fitsari ya ɓoye wasu sinadaran. Irin wannan rukunin maganin ne ya raba Chika Amalaha da zinarenta na ɗaga nauyi a Gasar Ƙasashe Renon Ingila ta 2014 a Glasgow, tana da shekara 16. Masu gasar harbi da kibiya ko bindiga kuwa, abin da aka hana su shi ne maganin da ke sassauta bugun zuciya don hannu ya daina rawa.

Duk wannan da sauƙi. Babbar damuwata ita ce kalmar ƙwaya kanta.

A garin nan in ka ce wane ɗan ƙwaya ne, ka gama da shi. Ba mai ba shi 'ya, ba mai ba shi ajiya. Ba zan kawo labarin wani majinyaci takamaimai ba, don abin da nake kira a kai ke nan, amma duk wanda ya zauna a ɗakin duba marasa lafiya ya san irin yaron da nake nufi. Saurayi mai faɗin ƙirji, kafaɗa cike da ƙuraje, ya zo da wani ƙullutu mai zafi a cinya ya ce maruru ne. Yayansa na tsaye a bayansa riƙe da kati. Likita ya ce, "Kana shan ƙwaya?" Yaro ya ce a'uzu billahi. A ransa ma gaskiya ya faɗa, don shi allura ake yi masa a bayan gidan ɗaga ƙarfe, kuma bai taɓa ɗaukar kansa abokin masu kwana a kango ba. Sai a tsaga ƙurjin, a ba shi magani, ya tafi. Ba wanda ya duba hantarsa, ba wanda ya auna jininsa a ga ko ya hau, ba wanda ya tambayi ko su nawa ke amfani da sirinji ɗaya, alhali nan ne ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau ke bi. Ba wanda ya gaya masa cewa allurar gina tsoka tana sa jiki ya daina yin nasa sinadarin mazantaka, maniyyi ya ragu, har a yi aure a zauna shiru ana zargin matar. Mai shan tiramol don ya jure gajiyar wasa ma haka, in jijjiga ta kama shi a ce iskokai ne. Tun 1 ga Janairun 2024 hukumar WADA, mai sa ido kan haramtattun sinadarai a wasannin duniya, ta sa tiramol cikin abubuwan da aka haramta lokacin gasa, yawancin yaranmu ba su ma ji ba.

Don haka kalmar da nake nema, wadda yaro zai iya amsawa da "e" ba tare da ya ji an tozarta shi ba.

Ga abin da ya shigo zuwa yanzu, Allah Ya saka da alheri.

Wani ɗan'uwa ya ce "maganin ƙarfi". Ɗan'uwa, ka san inda hankalin mutane zai tafi da zarar an ce haka, wajen masu tallan maganin maza a tasha. Wanda ya kawo "tsimi" ma kusan matsalar ɗaya ce, ga shi kuma tsimin mafarauta da 'yan dambe abu ne da ake yi a fili ana alfahari da shi, babu ma'anar karya doka a cikinsa. "Algus" na kaya ne, ba na jin ya hau kan mutum.

Ranka ya daɗe Malam, na ga taka: "satar ƙarfi", bisa ƙirar satar amsa da satar fasaha. Ta yi daɗin faɗa, kuma kowa zai gane nan take. Abin da ya tsayar da ni shi ne ba zan iya duban majinyaci in ce masa kana sata ba. Na fi karkata ga wadda wata malama ta kawo don labarai da hukunci: "maguɗin jiki". Mun saba da maguɗin zaɓe da maguɗin jarrabawa, kuma ta ɗauke ƙwaya da allura da ƙarin jini da maganin ɓoye sawu gaba ɗaya. Sai dai ina roƙon 'yan jarida su bambance. A dokar WADA, da zarar an ga sinadarin a fitsarinka laifi ya tabbata, ko ka sani ko ba ka sani ba. Onana ya ce maganin matarsa ya sha bisa kuskure, kotun wasanni kuma ta karɓi cewa ba da niyyar cuta ba ne. Irin wannan a ce an same shi da haramtaccen sinadari. A bar maguɗin jiki ga wanda ya shirya abinsa da gangan, wanda a dokar yanzu dakatarwarsa ke farawa daga shekara 4.

Na cikin ɗakin likita kuwa, wani tsohon koci ne ya turo min ita a keɓe, kuma ita ta kwanta min: "aron ƙarfi". Baba, Allah Ya ƙara girma. Ya ce aro ba zagi ba ne, kowa na yi, kuma kowane Bahaushe ya san abin aro biyansa ake yi, jikin ne zai biya. "Kana ɗan aron ƙarfi ne wajen motsa jikin nan?" Wannan tambaya ce da za a iya yi wa saurayi a amsa. Na sa ta a takardar, sai in wani ya zo da wadda ta fi ta.

Yanzu kalma ta biyu, wadda a ganina ta fi nauyi, don ko mun gyara tambayar, yaro ba zai buɗe baki ba sai ya yarda maganar za ta tsaya.

Da yawa kun ce "sirri" ya wadatar. Sirri sunan abin da aka ɓoye ne, bai faɗi nauyin da ke kan wanda aka gaya wa ba. Wasu sun ce "rufin asiri". Hajiya, na fahimci dalilinki, kalma ce mai taushi kuma addini ya yabi mai rufa wa ɗan'uwansa asiri. Amma rufin asiri alfarma ce, mai yi ya kyauta, in bai yi ba ba a kai shi ƙara. Sannan tana nuna akwai abin kunya da aka lulluɓe, alhali mai ciwon suga ko asma da bai yi laifin komai ba, shi ma foldarsa haƙƙinta ɗaya. A bakin jami'in wasanni kuma za ta koma kamar likita ya haɗa baki da mai laifi.

Ni "amanar majinyaci" nake so. Amana ba taka ba ce, ajiya ce a hannunka, kamar kuɗin zubi a hannun uwar adashe. Kuma tana zuwa da kishiyarta a shirye, cin amana, wanda ba ma'aikacin da zai so a jingina masa shi. Dokar ma haka ta ɗauki abin. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce duk bayanin da ya shafi lafiyar mutum da jinyarsa da zamansa a asibiti ba a fitar da shi, sai da izininsa a rubuce, ko umarnin kotu ko wata doka, ko in ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. Sashe na 29 ya ɗora wa shugaban asibiti tsare foldoji daga hannun wanda ba shi da hurumi, ya kuma tanadi hukunci. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin rukunin da ake ƙara tsanantawa a kansa. Koci ba ya cikin waɗanda aka ba izini, shugaban kulob ma haka.

Akwai togaciya ɗaya da dole mu rubuta ta ɓaro-ɓaro: yaron da shekarunsa ba su kai ba, iyayensa ko waliyyinsa na iya neman bayaninsa. Kada mu yi wa ɗan shekara 15 alkawarin da doka ba ta yi masa ba.

Inda amanar ke zubewa a wajenmu ba a bakin likita ba ne galibi, a hanya ne. Folda ce ta kwali, lamba da maka a bayanta. Daga tagar masu kati ta tafi wajen awon jini, ta zauna a kan tebur cikin tari, a miƙa wa ɗan rakiya ya kai ɗakin gwaji, ya zauna a benci yana jira yana buɗawa. Zariya kuma gari ne da mai ba da kati maƙwabcinka ne, mai ɗibar jini surukin yayarka ne. Yanzu ga waya ta ƙaru, a ɗauki hoton sakamako a tura zauren WhatsApp na ma'aikata don neman shawara, da sunan mutum a sama. Duk da haka ba na goyon bayan masu cewa likita ya ji kawai kada ya rubuta. In ba a rubuta ba, wanda zai sa masa maganin barci ranar tiyata bai san hantar da yake aiki da ita ba. A rubuta, a kulle.

Kwamfuta ma ba ta raba mu da matsalar ba. A watan Satumban 2016 masu kutse daga Rasha suka shiga rumbun bayanan WADA suka watsa takardun lafiyar 'yan wasa, ciki har da Serena da Venus Williams da Simone Biles, 'yar wasan alkafura ta Amurka. Biles ba ta karya doka ba, tana da izinin shan maganinta. Amma sai da ta fito ta gaya wa duniya tana da lalurar kasa tattara hankali tun tana yarinya, abin da tsakaninta da likitanta ne. Wannan izini shi ake taƙaitawa da TUE, kuma a nan ban sha wahalar samo masa kalma ba: "uzurin jinya". Duk mai azumi ya san hukuncin mai uzuri.

Likita, na ga tambayarka kan ko wannan amana ta haɗa da likitan kulob, kuma ta sa na sake layi guda a takardar. Gaskiya ne likitan asibiti daban, likitan kulob daban. Na kulob ko na tawaga yana ƙarƙashin dokokin wasanni, an wajabta masa ba masu bincike haɗin kai, kuma taimakawa wajen ɓoye laifi laifi ne a kansa shi ma. Amsa laifi da baki kuma hujja ce ko ba a yi gwaji ba, ana iya tuhumar mutum har shekara 10 bayan aikatawa. Saboda haka layin ya koma haka: "Abin da ka faɗa wa likitan asibiti amanar majinyaci ce. Likitan kulob kuwa, kafin ka yi magana, tambaye shi wa da wa zai ga abin da ya rubuta." Malamai, ku duba min ko "wa da wa zai ga" ta yi, ko "su wa za su ga" ta fi, don jibi za mu kai wa mai buga takarda a Sabon Gari.