Daskarewa ko dunƙulewa, wanne ne daidai?

Abban Walid:
Salam yan uwa, dan Allah a warware min wannan. Buhun siminti biyu na ajiye a shago tun farkon damina, jiya na farka ɗaya na tarar ya yi tauri guda-guda, wani kamar ƙwai wani ya kai goran nono. Nace wa yayana siminti ya daskare, yace a'a, wai ruwa da mai ne ke daskarewa in sun ji sanyi, wannan dunƙulewa ya yi. Abin ya tsaya min a rai wallahi.

Maman Hanifa:
Mu dai a kicin gudaji muke cewa. In an zuba gari a talge ba a sa muciya da sauri ba tuwo ya yi gudaji, ka fasa ka ga ɗanyen gari a ciki, haka kunu in ba a dama da kyau ba. Man ja da man shanu kuwa daskarewa suke da hunturu, kana ɗorawa a wuta sun narke.

Baba Magini:
Ɗana duk biyun muna faɗa a wajen aiki. Laima ce ta shige shi, kuma siminti in ya haɗu da ruwa ya kama to ya kama kenan, ba mai ba ne balle ya narke. Ɗauki ɗaya ka murtsuka da yatsu, in ya marmashe dunƙulewa kawai ya yi, a tankaɗe a yi ƙaramin aiki dashi, in kuwa sai an sa guduma to ya mutu, kar ka kuskura ka zuba shi a dakin (wato rufin kankare) ko ginshiƙi. Gaba ka sa katako a ƙasa kuma kar buhu ya jingina da bango.

Ɗan Damagaram:
A gaida Baba. Nidai a fahimtata dunƙulewa siffa take nunawa, abu ya cure wuri ɗaya, shi yasa ake ce wa magi dunƙule, ake dunƙule hannu. Daskarewa kuma abu mai ruwa ne ya tsaya cak, kuma ba dole sai da sanyi ba, nan ne ban yarda da yayanka ba. Jini fa? A tsakiyar bazara ma yana daskarewa ya zama gudan jini. Ga mazarƙwaila, ruwan rake ake dafawa ya yi kauri a zuba a yan kwanoni ya daskare ba firij ba komai.

Abban Walid:
Baba na gwada yanzu, ƙananan sun marmashe amma manyan ko gezau. Buhu kilo 50 da ƙyar in rabi zai moru, ɗayan ban ma buɗe ba tukuna.