Abokaina sun gayyace ni kamun kifi a Norfolk: shin zan iya tahowa da kifin gida?

Ɗan Wudil ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Shekarata biyu ke nan ina aiki a Leicester, kuma abokan aikina uku, Turawan Ingila biyu da wani ɗan Foland, sun gayyace ni tafiyar kamun kifi ta kwana uku a ƙarshen watan Oktoba, zuwa yankin tafkuna da koguna na Norfolk wanda ake kira Broads. Sun ce za mu yi hayar jirgin ruwa mai wurin kwana a garin Wroxham, da rana mu nemi wani kifi mai haƙora da suke kira faik, da asuba da magariba kuma mu zauna wa wani mai faɗin jiki da suke kira birim. Na amsa musu ba tare da wani dogon tunani ba, domin a bakin kogi na tashi, kuma tun ina ɗan firamare nake fisgo tarwaɗa da karfasa da fatsa.

Abin da ya ɗaure mini kai ya faru ne ranar da muke lissafin guzuri. Da na ce ni zan taho da man gyaɗa da yaji da albasa domin mu soya abin da Allah ya ba mu, sai wurin ya yi tsit, daga bisani ɗaya daga cikinsu ya ce duk kifin da aka kama awo da hoto kawai za a yi masa a mayar da shi ruwa. Ɗan Foland ɗin bai ce uffan ba, murmushi kawai ya yi. To ina roƙon waɗanda suka sani su fayyace mini: wannan doka ce ta gwamnati ko kuwa al'adarsu ce kawai? Wace takarda zan nema, kuma wane kaya ya kamata in tanada don kada in je in ba da kaina?

Malam Sada na Norwich ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Amsar tambayarka ita ce akwai doka, akwai kuma al'ada, kuma al'adar ta fi dokar tsauri. Da farko ka sayi lasisin fatsa na hukumar kula da muhalli ta Ingila ta intanet. Akwai na kwana 1, da na kwana 8, da na wata 12, kuma na kwana 8 ya ishe ka. Kada ka ce ai abokanka suna da nasu, domin kowane mai riƙe da sanda da nasa lasisin, kuma tarar wanda aka kama babu shi tana iya kaiwa fam 2,500. Lokacin da kuka zaɓa ba shi da matsala, tunda daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni ne ake rufe koguna saboda kifaye su yi ƙwai. A kogi, doka ta yarda mutum ya ɗauki faik guda ɗaya a rana idan bai wuce santimita 65 ba, da ƙananan kifaye 15 waɗanda ba su wuce santimita 20 ba, wato kamar taƙi guda, kuma birim yana cikinsu. Ruwan da yake da mai shi kuwa, sai da izininsa, kuma ba kasafai ake bayarwa ba. Ka ga ke nan birim ɗin da za ka yi alfahari da shi ya riga ya fi ƙarfin tukunyarka.

Al'adar kuma tana da tushe. Waɗannan tafkuna ramuka ne da mutane suka haƙa ɗaruruwan shekaru da suka wuce suna ciro baƙar ƙasar da ake hura wuta da ita, daga baya ruwa ya cika su, kuma wata masaniyar tsirrai mai suna Joyce Lambert ce ta gano hakan a shekarun 1950. Saboda haka yawancinsu ba su da zurfi, kuma abu kaɗan yake jirkita su. A 1969 wani gansakuka mai dafi ya ɓarke a tafkin Hickling da sauran ruwan kogin Thurne, ya kashe kifaye ba adadi, aka daɗe kafin manyan faik su dawo. Manyan kuma duk mata ne, su ne masu zuba ƙwai, kuma sukan ɗauki shekaru kafin su kai kilo 9, nauyin da kowane mai fatsa a nan yake mafarkin kamawa. Wanda ya san wannan tarihin, idan ya ga ka kwantar wa irin wannan kifi wuƙa, ji zai yi kamar ka yanka saniyar tatsa.

Game da kaya, kada ka sayi sanda a tafiyar farko, ka ari ta abokanka. Amma ka tabbata a jirgin akwai koma mai faɗin baki, da 'yar katifar da ake shimfiɗe kifi a kai, da dogon hantsaki irin na ɗakin tiyata, da siririyar wayar ƙarfe kamar santimita 45 da ake ɗaurawa tsakanin zare da ƙugiya. Idan ka san tsage, to ka san dalilin wayar: faik datse zare yake yi kamar reza, ya tafi da ƙugiya a maƙogwaro ya je ya mutu. Abin da ake soka masa mataccen kifi ne, titus ko sadin, a ajiye shi a gindin kyauro inda yake laɓewa, a zuba ido ga ɗan abin nan mai yawo a saman ruwa wanda a gida muke yi da totuwar kara. Za ka ga ya ɗan girgiza, ya kwanta, sannan ya fara tafiya a hankali kamar wanda aka kira. To a nan ne tarbiyyar Wudil za ta cuce ka. Mun saba a bar tarwaɗa ta haɗiye sosai kafin a fisga, amma shi faik da zarar ya ja sai ka ɗaure zare ka fisga nan take, don ƙugiyar ta tsaya a baki.

Ni kaina kuskuren da na yi ke nan a fitata ta farko. Na jinkirta, kifin ya haɗiye, abokina ya durƙusa a kan katifa ya sa kifin tsakanin gwiwoyinsa yana lalube da hantsaki, ni kuma garin taimako na zura yatsu inda bai kamata ba a ƙarƙashin muƙamuƙinsa. Ban ji zafi ba sai da na ga jini yana ɗiga a kan takalmina, bayan yatsuna huɗu duk sun karce kamar an goga su a jikin magogin kuɓewa. Bayan an cire, ya riƙe kifin a tsaye cikin ruwa mai sanyin ƙanƙara, hannu ɗaya a wutsiya ɗaya a ciki, har sai da ya kaɗa jela da kansa ya nutse. Bai ce mini komai ba, amma sai bayan sallar la'asar ya sake miƙo mini sanda.

Birim ba shi da wannan wahala. Garke-garke yake kiwo a ƙasan ruwa, saboda haka ana kwaɓa garin burodi da tsutsa da masarar gwangwani a yi ta jefawa wuri ɗaya har garken ya sauka, a sa tana ko tsutsa a ƙaramar ƙugiya. Ba ya kokawa, kamar jiƙaƙƙen buhu ake jawo shi, sai dai yauƙinsa ya fi na kuɓewa, don haka ka sa wandon da ba ka so. Ka riƙe rigar ceto a jikinka, ka kuma sani cewa ba a yarda jirgin haya ya yi tafiya bayan duhu ba. A ƙarshen Oktoba, idan an mayar da agogo baya, rana takan faɗi wajen ƙarfe huɗu da rabi, saboda haka azahar da la'asar da magariba kusan a jere za su zo maka.

Baba Ɗanladi daga Yawuri ya amsa:

Ɗana, ni ban taɓa zuwa Turai ba, jikana ne ya karanta mini wannan zance, na ce ya rubuta maka nawa. Shekara fiye da arba'in ina su a Kogin Kwara, kuma wannan birim da Malam Sada ya siffanta ya yi mini kama da faliya. Batun a rufe ruwa lokacin ƙwai ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin Sarkin Ruwa yakan hana shiga wani gurbi sai ranar da ya buɗe, kuma ko a Argungu ba kullum ake faɗa wa Matan Fada ba. Da mun riƙe wannan da kyau, da tarun sauro bai ƙarar mana da 'ya'yan kifi ba.

Inda na tsaya shi ne a huda bakin dabba, a wahalar da ita, a fito da ita inda ba ta iya numfashi, ba don yunwa ba, ba don sayarwa ba, sai don hoto. Mu idan muka mayar da kifi ruwa, ƙarami ne muke so ya girma mu dawo masa. Ban ce haramun ne ba, wannan na malamai ne, kuma ina ba ka shawara ka tambaye su kafin ka tafi. Amma a raina, wanda ya kama ya yi bismilla ya ci ya fi kusa da abin da na sani.

Maman Hanifa daga Athlone ta amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka ta taɓa ni, domin irinta na yi wa maigidana ranar da ya fara dawowa daga tafkin Ree da sanyi a ƙashi da hoto a waya, hannu rabbana. Ƙanena Ɗan Wudil, mu a nan Jamhuriyar Ailan tsarin ya ɗan bambanta. Ba a neman lasisin gwamnati don faik ko birim, amma an hana soka kifi mai rai a ƙugiya, kuma faik ɗaya kawai ake ɗauka a rana, wanda bai wuce santimita 50 ba. Na faɗi haka ne don idan abokanka suka ja ka zuwa Kogin Shannon wata shekara, kada ka taho da dokar Ingila a ka.

Ni da na dafa su duka biyu zan gaya maka abin da za ka rasa idan ka bar man gyaɗarka a gida. Faik yana da farin nama mai tauri da daɗi, amma cike yake da wasu ƙayoyi masu baki biyu kamar gwafa, waɗanda suke kwance cikin tsoka, ba a jikin ƙashin baya ba. Ranar da na yi farfesunsa kamar na tarwaɗa, rabin lokacin cin a tsintar ƙaya ya tafi, kuma ban bar yara sun taɓa ba. Daga baya na koyi a niƙa naman da albasa da attaruhu a dunƙula a soya, wanda kusan haka mutanen Lyon a Faransa suke yi da shi, sai dai su a ruwa suke dafa shi, kuma ba sa sa yaji. Birim kuwa ƙaya ce zalla da ɗan warin taɓo, sai an yi masa gishiri an busar ko an banɗa shi yake shiga baki, kuma haka ake cinsa a gabashin Turai. Ina jin wannan ne dalilin murmushin abokinka ɗan Foland: a ƙasarsu kifin ruwan daɗi abinci ne kamar a wurinmu, kuma ya riga ka shan wannan kallon da aka yi maka.

Shawarata ita ce ka sayi kifinka a kasuwa, ka soya shi a gida da yajinka, ka tafi da shi a kula. Da daddare a cikin jirgi, bayan kowa ya sha sanyi, babu wanda zai tambaye ka daga wane ruwa ya fito.

Malam Sada na Norwich ya sake amsawa:

Baba, ba zan ja da kai ba, kuma ba kai kaɗai kake da wannan ra'ayi ba. A Jamus dokar kare dabbobi ta hana a wahalar da dabba ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, shi ya sa a can wanda ya fita da niyyar ya kama ya saki don nishaɗi kawai yana iya shiga matsala, alhali a Ingila shi ne mutumin kirki. Abin da zan ce kawai shi ne masu fatsa a waɗannan koguna suna da yawan da idan kowa ya ɗauki abin da ya kama, manyan kifayen ba za su kai baɗi ba. Ni abin da na tsayar wa kaina shi ne in danne maƙatar ƙugiya da filaya don ta fita da sauƙi, in jiƙa hannu kafin in taɓa kifi, kada in bar shi a waje fiye da yadda zan iya riƙe numfashina, kuma ba na neman faik da zafin bazara, lokacin da iskar ruwa take ƙaranci har kifin yakan mutu bayan an sake shi.

Ɗan Wudil ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Yaya Sada, Baba, da Anti Maman Hanifa. Na sayi lasisin kwana 8 wanda zai fara aiki ranar da za mu tashi, kuma na gaya wa abokaina cewa ranar farko birim kawai zan nema, faik kuma sai na ga yadda suke cire ƙugiya sau biyu ko uku kafin in karɓi sanda. Baba, zan kai maganarka ga limaminmu ranar Juma'a in Allah ya yarda. Da na ba ɗan Foland ɗin labarin busasshen birim, dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce akwai shagon mutanensu a unguwarsu da ake sayar da shi, zai taho da guda biyu. Ni kuma an bar mini soyayyen titus da yaji, amma sun roƙe ni kada in haɗa shi a kula ɗaya da wanda za a soka wa ƙugiya.