Wa ke zaɓar launin fentin jiragen sama, kuma me ya sa fari ya fi yawa?

Sa'idu:
Assalamu alaikum. Jama'a, ina neman ƙarin bayani daga masana harkar jiragen sama. Na lura yawancin jiragen fasinja farare ne, sai dai a yi musu ado a wutsiya, amma kuma ga KLM da shuɗinsa, ga easyJet da ruwan lemo. Shin akwai dokar da ta tilasta fari ne, ko kuwa kowane kamfani yana bin ra'ayinsa? Sannan daga ina waɗannan launuka suke samo asali?

Injiniya Garba:
Wa alaikumus salam, Malam Sa'idu. Babu dokar da ta ce sai fari, lissafi ne ya kai kamfanoni can. Jirgi yakan shafe awanni a tsaye cikin rana kafin ya tashi, kuma farin fenti yana mayar da zafin rana maimakon ya shanye shi, don haka cikin jirgin ba ya ɗaukar zafi sosai. Haka kuma idan mai ya tsiyaya ko tsaga ta bayyana a jikin jirgi, a kan fari mai dubawa ya fi saurin ganinta. Launi mai duhu kuwa yana saurin koɗewa, ga shi sake fentin babban jirgi yana nufin a ajiye shi kwanaki ba ya kawo ko sisi. Akwai kuma batun haya, domin jirage da yawa ba mallakar kamfanonin da ke tuƙa su ba ne. Idan wa'adi ya cika jirgin ya koma hannun wani, farin jiki ya sauƙaƙa aiki, a sauya suna da wutsiya kawai.

Wanda ke shakkar maganar zafi ya dubi Concorde, jirgin fasinjan da ya fi sauti gudu. A 1996 an shafa wa ɗaya daga cikin na Air France shuɗin fenti domin tallar Pepsi, amma fukafukansa aka bar su farare, aka kuma taƙaita lokacin da zai yi yana gudu ninki biyu na saurin sauti, saboda gudun yana ɗumama jikinsa ƙwarai.

Hajiya Rabi:
Injiniya ya yi bayanin gangar jiki, ni kuma a ganina amsar tambaya ta biyu tana wutsiya, domin a nan ne kamfani yake faɗin ko shi wane ne. Kore da rawaya da ja na Ethiopian Airlines launukan tutar Habasha ne. Shahon da ke jikin EgyptAir hoton Horus ne, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Misira ta dā. Gaurakar Lufthansa an zana ta tun 1918, kuma da kamfanin ya sabunta fentinsa a 2018 ya cire rawaya daga wutsiya, amma tsuntsuwar bai cire ta ba. Air New Zealand ma da yake shafa wa wasu jiragensa baƙi, launin 'yan wasan ƙasar ne, musamman ƙungiyar rugbi ta All Blacks.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda mutane ke ɗaukar wannan ado tamkar nasu. A 1997 British Airways ya maye gurbin alamar tutar Birtaniya da zane-zanen al'ummomi daban-daban na duniya, da nufin nuna cewa shi kamfanin kowa ne. Margaret Thatcher, tsohuwar Firaministar Birtaniya, da ta ga samfurin jirgin a wajen wani taro, sai ta ciro hankici ta rufe wutsiyarsa a gaban 'yan jarida. Zanen ba muni ya yi ba, amma mutanen ƙasar ba su ga kansu a ciki ba, kuma zuwa 2001 kamfanin ya koma wa tuta.

Auwalu:
Ranki ya daɗe, na gamsu, sai dai ina da tambaya ga Injiniya. Tun da fenti nauyi ne, nauyi kuma mai yake ci, me zai hana a bar jirgi haka nan ba fenti?

Injiniya Garba:
An yi hakan, Malam Auwalu. American Airlines ya shafe shekaru da dama jiragensa na ƙyalli da gogaggen alminiyam, sai 'yan layuka ja da fari da shuɗi a gefe. Ya rage nauyi, amma dole a riƙa goge ƙarfen a kai a kai don kada ya dushe ko ya fara lalacewa, wannan ma kuɗi ne. Ya bar tsarin a 2013, kuma cikin dalilan har da cewa sababbin jirage irin su Boeing 787 yawancin jikinsu haɗin zaren kabon ne, wanda ba ya ƙyalli idan an goge shi, kuma sai an rufe shi da fenti domin kada hasken rana ya ci shi.