Tallafin karatu rabi, bashi rabi: me za a duba kafin a sa hannu?

Maman_Hanan:
Assalamu alaikum jama'a. Ɗalibi ya samu gurbin karatu a jami'a, takardar da aka aiko ta ce an ba shi tallafin kashi 50 cikin ɗari, ragowar kuma ana iya cikewa da bashin karatu. Me ya kamata a bincika kafin a sa hannu? Sannan me ya sa masu sukolashif ke shiga ƙunci a tsakiyar zango, alhali a takarda kuɗinsu ya isa?

Tsohon_Akawu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Tambayar farko ita ce: kashi 50 na me? Galibi rabin kuɗin koyarwa kaɗai ake nufi. Kuɗin rajista, ɗakin kwana, inshorar lafiya, kayan ɗakin gwaje-gwaje, littattafai, zirga-zirga da ci da sha duk suna waje. A nemi ofishin kuɗi na jami'ar ya ba da cikakken lissafin shekara guda a rubuce, a cire tallafin daga jimillar. Abin da ya rage shi ne ainihin giɓin, kuma sau da yawa ya fi rabi nesa ba kusa ba.

Sai batun lokaci, wanda shi ne amsar tambayarki ta biyu. Yawancin masu ba da tallafi ba sa sakin ko sisi sai jami'a ta tabbatar musu cewa ɗalibi ya kammala rajista. Ita kuma rajistar a wasu wurare ba ta kammaluwa sai an biya wani abu. Ga mai ɗaki yana jiran kafin alƙalami, ga littattafai ana so a makon farko. Saboda haka ɗalibi ya shiga da guzurin wata biyu daga aljihun gida, ko ya karɓi takardar shaidar tallafi tun da wuri ya kai ofishin kuɗi a ɗage masa wa'adi. In bai kai ba, na'ura ba ta san yana da sukolashif ba, tarar jinkiri za ta ɗora masa kawai, wani lokaci har ta toshe masa rajistar kwasa-kwasai.

A kuma tambayi alawus ɗin na wata nawa ne. Idan na wata 10 ne, haya kuwa ta wata 12, to a tattara duka a raba gida 12 tun ranar farko. Wanda ake ba shi kuɗin zango a dunƙule ya fi kowa haɗari. Ya biya haya da duk abin da ba ya canzawa nan take, ya ajiye ragowar a wani asusu dabam, yana tura wa kansa rabon mako guda kowane mako.

Na ƙarshe, sharaɗin sabuntawa. Tallafi da yawa na shekara guda ne, ana sabunta shi in maki bai faɗi ƙasa da wani mizani ba. A Amurka, alal misali, yawancin jami'o'i na neman GPA (matsakaicin makin ɗalibi) 2.0 cikin 4 da kuma cin kusan kashi 67 na kwasa-kwasan da aka yi wa rajista kafin tallafin gwamnati ya ci gaba. Ma'ana kwas ɗin da aka ajiye a tsakiya ma yana iya cutarwa, ko da ba a faɗi shi ba.

Dr_Lissafi:
Malam ya gama da ɓangaren tallafi, bari in taɓa bashin. Kada yawan kuɗin ruwa kaɗai ya ɗauke hankali, a tambayi ranar da yake fara hawa.

Ga misali, a sa kowane irin kuɗi. A karɓi 100,000 a farkon kowace shekara har shekara 4, ruwa kashi 10 a shekara, yana hawa tun ranar karɓa. Na farko zai tara 40,000, na biyu 30,000, na uku 20,000, na huɗu 10,000. Ranar kammalawa an ci 400,000 amma ana bin 500,000. Idan yarjejeniya ta ce za a haɗe ruwan da uwar kuɗi, daga nan ruwan shekara ya koma 50,000 maimakon 40,000. Wannan layin yakan ɓuya cikin ƙananan rubutu, shi za a fara nema.

Bashin ma iri-iri ne. A bashin gwamnatin Amurka akwai wanda gwamnati ke ɗauke ruwansa muddin ɗalibi na karatu, akwai wanda ruwan ke hawa tun farko, kuma dukansu ana ba da sararin wata 6 bayan barin makaranta. Ostireliya tun 1989 take da tsarin da ba a fara biya sai albashi ya kai wani mataki, ana cirewa ta hanyar haraji, Ingila ma irin wannan take bi. Bashin banki kuwa babu ruwansa da ko an samu aiki, wata ya yi sai a biya. A ganina wannan bambancin ya fi tazarar kashi ɗaya ko biyu na ruwa muhimmanci.

Mai tsaya wa ɗalibi ya san cewa sa hannunsa ba shaida ba ce kawai. In yaro ya gaza, shi za a bi, a wasu yarjejeniyoyin ma ba sai an fara bin yaron ba. A kuma duba ko akwai tara ga wanda ya biya kafin lokaci. Masu gudun kuɗin ruwa su tambayi jami'ar ko tana yarda a biya kuɗin makaranta kashi-kashi cikin zango. Da yawa suna yi, kuma abin da ake ɗorawa bai kai ruwan bashi ba.

Maman_Hanan:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To idan karatun a ƙasar waje ne, ba zai iya cike giɓin da aiki ba?

Yaya_Bilkisu:
Hajiya, a ɗauki aiki a matsayin ƙari, kada a gina kasafi a kansa. Bizar ɗalibi a Birtaniya awa 20 a mako ta yarda lokacin karatu ga masu karatun digiri. A Amurka ma awa 20 ne, kuma a shekarar farko cikin harabar jami'a kawai. Jamus na ba da kwana 140 cikakku ko rabin yini 280 a shekara. Wuce iyaka na iya jawo soke biza. Ban da haka, ofishin jakadanci zai so ganin kuɗin zama a asusu kafin a tafi, ba ya lissafa albashin da ba a samu ba tukuna.

Canjin kuɗi ma abin lura ne. In tallafin da kuɗin gida ake biya, makaranta kuma da kuɗin waje, faɗuwar darajar kuɗi kaɗai na iya mayar da rabi ya koma sulusi. A tambaya ko kaso aka yi alkawari ko tsayayyen adadi, domin tsayayyen adadi ba ya bin ƙarin kuɗin makaranta.

Tsohon_Akawu:
Ƙari ɗaya da na manta. Idan rashin lafiya ko wani uzuri ya tilasta dakatar da karatu, kada ɗalibi ya tattara kayansa ya tafi shiru. Ya cike takardar jingine karatu, ya karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata, domin da wannan ranar ake lissafin abin da za a mayar masa da abin da zai mayar. A dokar Amurka, wanda ya janye kafin ya wuce kashi 60 na zango, sai an mayar da wani ɓangare na tallafin gwamnati, jami'a kuma ta juyo kansa da bashin. Ya sanar da mai tallafin a rubuce a makon, ya tambaya ko za a ajiye masa gurbinsa har ya dawo.